Tambayi Baba Likita: Shekara Bakwai Ina Aikin Asibiti, Amma JAMB Ta Tsaya a 203

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikacin lafiya ne, CHEW (wato ma'aikacin lafiyar al'umma a matakin farko), shekarata 29, ina da mata da 'ya'ya biyu. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye a jihar Jigawa, daga ni sai ungozoma sai mai gadi. Babban asibitin da ya fi kusa da mu tafiyar awa ɗaya da rabi ce a babur, da damina kuwa sai an haɗa da kwalekwale. Babu abin da ban gani ba. Na sa ƙarin ruwa da hasken waya, na ɗinke wanda fartanya ta sara, na karɓi haihuwa ba adadi in ungozoma ba ta nan, shekarar da amai da gudawa ya shigo mana kwana tara ban kwana a gida ba. Mutanen gari likita suke ce mini, ni kuwa na san ban kai ba, abin yana ci mini rai.

Matsalata takarda ce. A WAEC na samu D7 a Kemistiri, sai da na haɗa da NECO kiredit biyar suka cika. JAMB sau uku na zauna: 187, sai 196, bana 203 (Turanci 58, Bayoloji 64, Kemistiri 41, Fiziks 40). Ƙanena ya ce ya gani a intanet cewa a Amurka in mutum ya daɗe yana aikin asibiti ana ɗaga masa ƙafa ko makinsa bai kai ba. Shin a nan babu irin wannan? Sannan wani ya ce in kawo naira dubu 800 zai samo mini gurbi. Baba, ka faɗa mini gaskiya: in ci gaba ko in haƙura?
— Ɗanka, daga jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwana uku wasiƙarka ta yi a kan teburina ina juya ta, don na san amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Tunda gaskiya ka nema, ga ta: da 203 da kiredit na zama biyu, jami'ar gwamnati ba za ta ba ka gurbin likitanci ba, ko da shekara ashirin ka yi a asibiti. Na zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai shekaru da dama kafin in ajiye alli. Takardar da ake ajiye mana a gaba tana ɗauke da lambar rajista, jihar asali, makin JAMB, makin jarrabawar tantancewa ta jami'a, da sakamakon sakandare. Iyakarta ke nan. Babu gidan da za a rubuta "ya karɓi haihuwa da hasken waya". Kwamfuta ce ke jero sunaye daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a ja layi inda gurabe suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa ko fuskar yaron ba mu gani sai ranar rajista.

Dalilin da layin yake can sama kuwa ba mugunta ba ce. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ba kamar sashen Tarihi ba ne da za a ƙara benci a ce kowa ya matsa. In ɗalibi arba'in suka zagaye gadon mara lafiya ɗaya, na baya ba abin da zai koya sai ƙeyar na gabansa. An ƙara wannan adadi a 'yan shekarun nan, an kuma buɗe sababbin makarantu, ga ta Dutse a jiharku, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Azare a 2021, bayan tsofaffin irin su Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Duk da haka masu nema sun ninka guraben sau da yawa, don kusan duk yaron da ya yi ajin kimiyya, in ka tambayi mahaifiyarsa, likita zai zama.

Kada ka raina 203 ɗinka. A jarrabawar 2024, kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu tara ba a duk faɗin ƙasar. Kana gaba da mutum uku cikin huɗu ke nan. Sai dai kasuwar da kake son shiga, 'yan saman nan ne suke ciniki a cikinta. A jami'o'in tarayya ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka yi wa lakabi da masu ƙarancin ilimin boko, Jigawa kuma tana ciki. Wannan zai rage maka tsawon tsanin, amma ka tuna a cikin wancan kason ma da 'yan jiharku za ka kara, kuma akwai yaran Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu masu shekara 17 da ba su da aikin komai sai karatu, suna ɗauke da 270. Inda ake rububi, mai 250 ma hankalinsa ba a kwance yake ba.

Maganar ƙaninka akwai ƙamshin gaskiya, amma rabinta ya ɗauko. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu, ya zauna wata jarrabawa da ake kira MCAT, ya rubuta labarin kansa, malamansa da waɗanda ya yi aiki a ƙarƙashinsu su rubuta masa shaida, sannan a kira shi a yi hira da shi. A irin wannan tsari aikinka zai samu bakin magana. To amma can ɗin ma, wanda makinsa na kimiyya ya yi ƙasa, komawa aji yake ya sake ɗaukar darussan ya gyara kafin a saurare shi. Mu kuwa daga sakandare ake shiga, kuma lamba ce ke magana. Ni a ra'ayina muna asarar mutane irinka da wannan tsari, na kuma sha faɗa a taro. Sai wani abokin aikina ya ce mini: ranar da aka ce a ba da maki don gogewa, kowane ɗan babban mutum zai zo da takardar shaidar ya yi shekara biyar yana aikin sa-kai a asibiti, alhali ko warin asibitin bai sani ba. Na rasa abin ce masa.

Yanzu kawo makin nan in duba shi yadda nake duba sakamakon gwajin jini. Bayoloji 64, wannan aikinka ne ya ba ka. Turanci 58, ba laifi. Kemistiri 41, Fiziks 40: ga ciwon. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai iya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ga ke nan 40 ba ta yi nisa da canki-canka ba. Ban san makarantar da ka yi ba, amma zan iya rantsuwa ba ka taɓa riƙe kwalbar gwaji a sakandare ba, kuma malamin da ya koya muku Fiziks wataƙila Lissafi ya karanta, ko ma Aikin Gona. Abin da nake gani shi ne ba a taɓa koya maka darussan nan biyu ba. Sau uku kana shiga jarrabawar abin da ba ka koya ba, kana haddace tsofaffin tambayoyi da daddare bayan ka tashi daga aiki a gajiye, daga 187 zuwa 203, maki 16 a shekara uku. In ka ci gaba a haka sai ka yi furfura irin tawa kafin ka kai.

Ni wannan ya fi kwantar mini da hankali a kan a ce ka koya ka kasa. Wanda ya iya lissafin maganin yaro da nauyinsa, ya iya ƙirga ɗigon ƙarin ruwa a minti, ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki Kemistiri.

Ga abin da zan rubuta maka. Ka nemi malami na gaske, mutum mai rai, ba bidiyon waya kaɗai ba. A hedikwatar ƙaramar hukumarku ba za a rasa malamin Kemistiri na sakandare ba, ko ɗan bautar ƙasa da ya karanci fannin, wanda zai yi murna da ɗan abin da za ka riƙa ba shi a wata. Ku fara daga littafin aji ɗaya na babbar sakandare, shafin farko, ba tsallake. Kada girman kai ya hana ka zama a gaban yaron da ka girma da shekara bakwai, gemu ba ya hana ilimi. Tsofaffin tambayoyi ka ajiye su sai wata ukun ƙarshe, kuma a kan kwamfuta za ka yi su da agogo a gabanka, don tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya. Na ga mutanen da suka san amsa amma neman inda za su danna ya cinye musu lokaci.

A cikin shekarar kuma ka sake zama WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ka kawo Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a zama ɗaya. Wasu makarantun likitanci ba sa ko kallon zama biyu, wasu kuma suna juya darajar sakamakon zuwa maki su haɗa da na JAMB, inda mai B2 zai wuce mai C6 tun kafin a fara. Ka buɗe ƙasidar JAMB ka karanta sharaɗin jami'ar da kake so da idonka kafin ka zaɓe ta. Sannan, don Allah, ban da santocin nan da ake rubuta wa yara amsa a allo. A1 ɗin da aka saya tana tona asirin mai ita a ajin farko na jami'a, domin a shekarar nan Kemistiri da Fiziks da Bayolojin dai za a sake yi, kuma wanda bai haye ba ana sauya masa fanni tun bai taɓa ganin gawa ba.

Akwai wata ƙofar, ta shiga kai tsaye aji biyu. Takardarka ta CHEW ba ta cikin waɗanda aka saba karɓa don likitanci, wannan ka cire shi a ranka. Abin da ake karɓa shi ne sakamakon IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta darussa uku, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ana kuma yin karatunta a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa da kwalejin CAS ta Kano, ko takwararta JUPEB, ko kuma digiri mai daraja a wani fannin kimiyya. Amfanin IJMB gare ka shi ne za a zaunar da kai a aji a koya maka abin da ka rasa. Illarta, guraben shiga kai tsaye 'yan kaɗan ne ƙwarai, sai wanda ya kusa share A a duka darussa ukun, kuma zama take so, ba a haɗa ta da tsaron asibiti. Hanyar digiri kuwa, shekara huɗu ka ƙara biyar, tara ke nan. Ban hana ka ba, amma ka ƙirga da yatsunka.

Tunda an zo ƙirga, kira maiɗakinka ku zauna, don ita za ta ɗauki rabin kayan nan. In komai ya tafi daidai za ka shiga kana da shekara 31. Shida ce a takarda. Na ce a takarda, don yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Ka fito kana 37 ko 38, ka yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Bautar ƙasa dai an yafe maka tunda ka haura 30. Karatun likita ba shi da na yamma, ba shi da na ƙarshen mako, daga aji huɗu ma har kwana za ka riƙa yi a asibiti. Saboda haka tun yanzu ka je ka binciki yadda ake samun hutun ƙaro karatu da albashi a ma'aikatarku, da shekarun da za ka sa hannu za ka dawo ka yi musu. In babu albashin nan, wa zai auno masara? Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Za ka ce to shekara bakwai ɗin nan ta tafi a banza ke nan? A'a. Tana nan tana jiran ka a ciki, bakin ƙofa ne kawai ba a karɓar ta. Na taɓa koyar da wani irinka, ma'aikacin jinya ne, ya shigo yana da shekara 33, 'yan ajinsu Baba suke ce masa. Shekarun farko ya sha wuya ba kaɗan ba. Babbar jarrabawar nan ta ƙarshen aji uku, wadda ake tace mutane da ita, inda 50 ce makin ci, 49 faɗuwa, ya faɗi darasin sinadaran jiki sai da ya maimaita. Matsalarsa, ka tambaye shi me ya sa ƙafar mai ciwon zuciya ke kumbura, sai ya ba ka sunan maganin da ake bayarwa. Hannunsa ya riga kansa sani. Na ce masa, ni ban tambaye ka me za ka ba shi ba, me ke faruwa a cikin jikinsa? Ranar ya fita ransa a ɓace. Amma da aka shiga asibiti a aji huɗu, sai labari ya sha bamban. Yaran da suka zo da 300 suna rawar hannu a kan jijiyar jariri, shi kuwa sau ɗaya yake sokawa. Tsohuwa ta zo ta ce "ciwon daji ne ya kama ni" ko "iska ce", su rubuta abin da suka ji, shi ya ja kujera ya zauna ya tambaye ta abin da take nufi. Ya san ƙafar da za a shiga da ita in za a gaya wa miji cewa matarsa sai an yi mata aiki. Wannan ba a koyar da shi a aji, kuma kai kana da shi. Sai dai ka shirya a warware maka wasu abubuwan da ka saba yi, don ba duk abin da ya yi aiki a ƙauye ne daidai ba, wani sa'in Allah ne kawai ya rufa asiri.

Jami'o'in kuɗi suna sassauta maki, amma kuɗin shekara ɗaya miliyoyi ne, sau shida. Ƙasar waje kuma, ka ga yadda yaranmu suka baro Sudan a motoci zuwa iyakar Masar da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wasu suna ajin ƙarshe, ga faɗuwar naira da ta biyo baya. Wanda ya gama a waje ma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a nan. Da albashin CHEW, ban ga hanya a nan ba sai in gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyi.

Mai dubu 800 kuwa, ɓarawo ne. Tun 2017 duk gurbin da bai fito ta manhajar CAPS ta JAMB ba, wadda kai da kanka za ka shiga ka ga sunanka ka danna ka karɓa, ba gurbi ba ne. Takarda mai tambari kowa zai iya buga ta a shagon kwamfuta. Rabin kuɗin nan ya ishe ka malami da littattafai da kuɗin jarrabawa biyu.

Ka yanka wa kanka wa'adi: zaman JAMB biyu, bayan karatu na haƙiƙa. In Kemistiri da Fiziks suka tashi daga 40 zuwa 65, jimlarka ta haura 250, ka shiga kasuwa. In an yi biyun ba su motsa ba, ka tsaya haka nan, kada ka zama mutumin da ke sayen fom duk shekara har 'ya'yansa su tarar da shi a layi. Tsaninka na nan: karatun CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, a asibitin koyarwa, shekara biyu, daga nan digiri a fannin lafiyar al'umma, inda takardarka da shekarunka suke da daraja tun daga bakin ƙofa. Na san masu wannan hanya da suke riƙe da lafiyar ƙaramar hukuma guda, likitoci suna zuwa neman shawararsu ranar da annoba ta ɓarke.

Batun kiran ka likita, kada ya hana ka barci, a ƙauye duk mai farar riga likita ne. Abin da zai dame ni shi ne ranar da sunan ya shiga kanka ka riƙe abin da ya fi ƙarfinka. Littafin ƙa'idojin aikinku ya faɗi inda za ka tsaya. Mai jijjiga, mai doguwar naƙuda, mai zubar jini bayan haihuwa, ka yi taimakon farko ka tura da wuri, ko da kwalekwalen ne. Bayan wata uku da fara karatu, ka sa malamin ya yi maka gwajin Kemistiri na tambaya 40, ba leƙe, ka aiko mini da makin. Ka gaida maiɗakin naka da yaran.

Tambaya: Baba Likita, 'yata shekararta 17, ta ci 238, ta nemi likitanci sai aka ba ta fannin nazarin sassan jikin ɗan Adam. Kwana biyu ke nan tana kuka. An ce mana ta karɓa, in ta shiga za a sauya mata. Haka ne?
— Wata uwa, daga Zariya

Amsa: Hajiya, ki share mata hawaye, 238 a zaman farko ba abin kuka ba ne. Amma kada ku karɓa da zaton sauyi. Adadin ɗaliban likitanci a ƙayyade yake, sai wani ya faɗi ko ya fita kafin wuri ya samu, masu jiran wurin kuma suna da yawa. A shekarun da na yi, waɗanda na ga an sauya wa ba su da yawa, kuma dukkansu su ne na ɗaya ko na biyu a ajinsu. Shawarata ta karɓa ta fara zuwa aji, ta sake sayen fom ɗin JAMB na baɗi. Karatun ajin farko kusan darussan jarrabawar ne, zai ƙara mata ƙarfi. In ta samu, shekara ɗaya kawai ta rasa, tana da 18. In ba ta samu ba, ta dage ta fita da digiri mai daraja ta sama, ta nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ki kuma tambaye ta a keɓe, ba a gaban mahaifinta ba, ko ita ce take son likitancin.